Hannun Gwaggo a Gefen Allo

Gwaggo ba ta taɓa shiga hoto da son ranta ba. Duk hotunan gidan in ka duba, a can gefe za ka same ta, fuska a ɗaure kamar wadda aka taso daga kan aiki, kuma gaskiyar magana daga kan aikin ake taso ta. Hoton ƙofar shago ma haka aka yi da ita. Ranar da aka sake fenti, Baba ya tsaya daga hagu, Yaya ya tsaya kusa da shi, Auta ta biyo baya, ita kuwa Gwaggo sai da aka yi ta kira kafin ta fito da tef ɗin awo a wuya. Ta ƙi matsowa. Ta tsaya nesa daga dama, ta miƙo hannu ta ɗora a kafaɗar Auta, ta ce wa mai hoto ya yi sauri, akwai tela yana jiranta.

Shagon na kayan ɗinki ne: zare, allura, zif, roba, maɓallai a kwalabe, leshi a naɗe, da durowoyi ƙanana jere har kusa da rufi. Baba ne ya buɗe shi, amma Gwaggo, yayarsa, ita ce ta san cikinsa. Tela zai shigo da ƙyalle bai kai ɗan yatsa ba, ta dube shi sau ɗaya, ta miƙa hannu baya ba tare da ta waiga ba ta zaro zaren da ya dace. Ita ce kuma ta riƙe Yaya da Auta tun da mahaifiyarsu ta rasu, lokacin Auta ko yaye ba a yi mata ba. Ba ta iya lallashi ba. In Gwaggo tana sonka, faɗa za ka sha, kuma Auta ta fi kowa shan sa.

Bayan rasuwar Baba, Yaya ya kawo shawarar a yi wa shagon shafi a yanar gizo, teloli su riƙa ganin kaya daga inda suke. Ba a yi wahalar neman ma'aikaci ba, don sana'ar Auta ke nan; a wani kamfani can ƙetaren gari take gina wa mutane shafuka. Ta karɓi aikin da zumuɗi. Tun kafin ta rubuta komai ta san hoton da za ta shimfiɗa a bayan rubutun saman shafin: hoton ƙofar shago, na ƙarshe da aka ɗauka da Baba a tsaye da ƙafafunsa.

Hoton dogo ne a kwance, ya fi yawancin allunan kwamfuta faɗi, don haka dole wani gefe ya fita waje. Auta ta duba ta ga daga hagun Baba babu komai sai bango da bututun ruwa. To, bango ya fita. Ta buɗe fayil ɗin tsari, wanda 'yan sana'ar ke kira CSS, inda ake faɗa wa burauza, wato manhajar buɗe shafuka, launi da girma da mazaunin kowane abu a shafi, ta rubuta layi guda: a kafe hoton daga gefen dama, a ɗan matsa da shi kaɗan, sannan a zaunar da shi daga ƙasa. Ta zaɓi dama ne saboda Gwaggo. Ta san ita ce a bakin hoton, kuma ko me zai fita, ba ta yarda ya zama ita ba.

Ta gwada a kwamfutarta ta aiki, ta gwada a burauza uku daban-daban, ta gwada a wayarta da ta Yaya, inda ta sa hoton ya ƙanƙance ya shiga gaba ɗaya. Ko'ina mutum huɗu ne a jere. A saman kawunansu ta rubuta da manyan baƙaƙe: Shagon iyalinmu. Ta jingina da kujera tana kallon aikinta, kanta ya ɗan kumbura, kuma ba laifinta ba ne, aikin ya yi kyau.

Wayar Gwaggo irin mai maɓallan nan ce, ba ta buɗe shafi. Sai Auta ta kira ta da rana ta karanta mata adireshin harafi bayan harafi, Gwaggo tana dannawa da yatsa ɗaya a tsohuwar kwamfutar da ke bayan kantar shago, tana mita.

"Ya buɗe?" in ji Auta.

Auta tana jin ƙarar fankar shago ta cikin waya.

"Ya buɗe," in ji Gwaggo. Can ta ce, "Ke kika tsara hoton nan haka?"

"Ni da hannuna, Gwaggo. Na daɗe ina auna shi kafin na tsayar da shi a nan."

"To. Ya yi kyau. Allah ya yi miki albarka."

Da Auta tana da wayo, da a nan za ta tsargu. Gwaggon da ba ta taɓa ganin abu ta ce ya yi kyau ba tare da ta haɗa da "amma" ba! Sai dai yabo yana toshe kunne. Auta ta ajiye waya tana murmushi, har ta ba abokan aikinta labari cewa yau ta ciri tuta.

Abin ya fara ne a hankali. Gwaggo ta daina faɗa. Yaya ya zuba maɓallan riga a kwalbar na wando, ta zo ta tsince su ɗaya bayan ɗaya ba ta ce uffan ba. Auta ta leƙo ranar hutu da gashi a hargitse ƙarƙashin ɗankwali, Gwaggo ta dube ta ta ce sannu da zuwa, shi ke nan. Sannan ta shiga koya wa Yaya durowoyi, ita da a da ko kusa da su ba ta bari ya je. Wannan na zif ɗin ƙarfe ne, wancan na allurar keke, tela mai gemun nan ba ya son zare mai sheƙi ko da ya ce yana so. Yaya yana ta murna an fara yarda da shi.

Wata ranar da yamma ya kira Auta, muryarsa a sanyaye.

"Gwaggo ta ce za ta koma wurin 'yarta. Ƙarshen wata."

"Ziyara?"

"Zama. Ta ce ta tsufa, shago na masu shago ne. Ta cire mabuɗinta daga bakin zani ta rataye a ƙusar bayan ƙofa. Ni nake buɗe mata yanzu da safe."

'Yar Gwaggo tana aure a wani gari mai nisa, ta yi shekaru tana roƙon uwarta ta zo ta huta, Gwaggo tana cewa hutu na kabari ne. Mabuɗin nan kuwa tun Auta tana rarrafe take jin ƙararsa a ƙugun Gwaggo. Ta rasa uwa ba ta san ta ba, ta rasa uba bara, yanzu kuma wadda ta rage tana naɗe tabarmarta, kuma ba wanda ya san dalili. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta ji ba tun tana yarinya.

Ranar Asabar ta yi sammako, jakar kwamfutarta a kafaɗa saboda daga can za ta wuce ofis. Ta tarar da Gwaggo ita kaɗai tana naɗe roba a jikin kwali. Yaya ya buɗe mata ya tafi sarin kaya. Suka gaisa. Auta ta zauna a kan buhun audugar cusa matashi ta fara kewaye-kewaye, daga baya ta gaji ta fito fili.

"Gwaggo, wani ya yi miki wani abu ne?"

"Wa zai yi min?"

"Yaya ne? In shi ne ki faɗa min, yau sai na cire masa kunne."

"Bar yaron nan, bai yi komai ba."

"To ni ce?"

Gwaggo ta ci gaba da naɗe robarta. "Ke dai kin cika tambaya tun kina ƙarama. Mutum in ya ga rana ta yi, ai gara ya tashi da kansa kafin a ce masa tashi."

"Wa zai ce miki tashi a shagon nan?"

"Ba a faɗa da baki, 'yar nan. Kuma ban ga laifin kowa ba. Ni riƙo aka ba ni, na riƙe, kun girma." Ta miƙe tana dafa gwiwa. "Bari in ɗauko leshin da matar nan ta ce a ajiye mata."

Ta shige ɗakin ajiya na baya. Auta ta tashi ta zagaya bayan kantar shagon, ta zauna a kan kujerar Gwaggo, wadda matashinta ya lotsa daidai jikin mai ita. Idonta ya cika da ƙwalla, tana neman abin share su, gwiwarta ta bugi katakon da linzamin kwamfuta yake kai. Tsohon allon ya yi ƙara, ya farka.

Kwamfutar nan ta girmi aikin Auta. Allonta kusan murabba'i ne, mai ƙaton ƙeya. Baba bai taɓa yarda a sabunta komai a cikinta ba. Duk sanda saƙo ya fito yana neman a sabunta burauza, sai ya danna a'a, ya ce abin da ke aiki ba a taɓa shi. Auta ta sha yi masa dariya a kan haka. Ko sau ɗaya kuma ba ta tuna da ita ba lokacin da take gwaje-gwajenta.

Shafin shago ne a buɗe. Ga rubutun nan, Shagon iyalinmu. Ga bango, ga bututun ruwa, sun samu wuri sun baje. Ga Baba, ga Yaya, ga ita Auta a bakin allo. A kan kafaɗarta akwai hannu, yatsu huɗu da zoben azurfa, an yanke shi daga wuyan hannu. Babu sauran Gwaggo.

Auta ba ta buƙaci kowa ya yi mata bayani ba, sana'arta ce. Layin da ta rubuta sabon salo ne, mai faɗin gefe da kuma tazara daga gefen. Tsohuwar burauza ba ta san shi ba, ita gajeren salo ta sani. Kuma ɗabi'ar burauza ce in ta ci karo da layin da ba ta gane ba, ba ta ƙorafi, ba ta nuna alama, sai ta tsallake shi kamar ba a rubuta ba, ta koma inda ta saba farawa, wato kusurwar hagu ta sama. Layin da Auta ta rubuta don kada Gwaggo ta fita, shi ne aka tsallake.

Sai maganar waya ta dawo mata. Ke kika tsara hoton nan haka? Ni da hannuna. Na daɗe ina auna shi.

Gwaggo ta fito da leshi a hannu, ta ga Auta a kan kujerarta, ta ga allon a kunne. Ta tsaya cak. Sannan ta ajiye leshin a kan kantar, ta shiga gyara masa naɗi alhali a gyare yake.

"Gwaggo, haka kike ganinsa tun ranar?"

"To da yaya zan gan shi?"

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"In ce me? In ce a sa ni?" Ta ɗaga kafaɗa. "Kin rubuta iyali, kin sa uba da 'ya'yansa. Ba ki yi ƙarya ba. Kuma ai kin bar hannun. Na ce yarinyar nan ta san abin da ya yi aiki a shagon."

Auta ta so ta yi dariya, kuka ya riga ta. Ta jawo jakarta tana share hanci da bayan hannu, ta zaro kwamfutarta ta buɗe a kan kantar, gefe da gefe da tsohon allon, ta juya ta wajen Gwaggo.

"Duba nan. Shafin ɗaya ne, adireshin ɗaya ne. Wannan shi duk duniya take gani."

Gwaggo ta ɗauko tabaranta daga cikin kwalbar maɓallai inda take ajiye shi, ta saka, ta sunkuya. Ta daɗe tana kallo. Ga ta nan a tsaye, tef a wuya, fuska a ɗaure, cikakkiya har da takalmi. Ta dubi tsohon allo, ta dubi sabo, ta sake duban tsoho.

"Yanzu kika saka ni."

"Wallahi tun ranar farko kina nan. Daga gefenki ma na fara awo, na ce ko bango zai fita, ko rabin titi, ke dai ki zauna. Wannan tsohuwar ce ba ta jin irin maganar da na yi mata. Na faɗa mata da sabon yayi, ba ta gane ba, ta yi shiru ta yi abin da ta saba."

"Ba ta gane ba, kuma ba ta tambaya ba?"

"Ba ta tambaya. Shiru take yi ta yanke hukunci ita kaɗai."

Gwaggo ta dube ta ta saman tabarau. "Da ni kike?"

"Da kwamfuta nake, Gwaggo."

"Mara kunya." Wannan ne zagi na farko da Auta ta samu cikin makonni, kuma ta ji daɗinsa har cikin ranta.

Ta jawo wata kujera ta zaunar da Gwaggo kusa da ita, ta buɗe fayil ɗin tsarin. Gyaran ba wani abu ba ne, abin da ya kamata ta yi tun farko ne, kuma ta san shi sarai, gaggawa da jin kai ne suka sa ta tsallake. A saman sabon layin ta rubuta wani gajere da tsohon salo: dama, ƙasa. Ta yi wa Gwaggo bayani cewa tsohuwar burauza za ta ɗauki na farko ta tsallake na biyu, sababbin kuma za su karanta duka biyun su bi na ƙarshe, kowa ya samu nasa. Ta tura gyaran, ta ce Gwaggo ta danna maɓallin sake buɗewa.

Gwaggo ta danna da yatsa ɗaya. Allon ya yi fari, ya yi ta tunani, sannan hoton ya sauko daga sama a hankali. Ga Gwaggo ta bayyana, har da sarari a bayanta. Sai dai allon ƙarami ne. Daga hagu an yanke Baba, saura rabin fuska da kunne ɗaya.

"A'a," in ji Gwaggo da sauri. "Mayar da shi yadda yake."

"Gwaggo..."

"Na ce ki mayar. Kullum da safe shi nake buɗewa in ga ƙanena kafin in fara ciniki. In dai sai ɗaya ya fita, ni na saba."

Nan Auta ta gane abin da ya sa shafin yake a buɗe. Kowace safiya matar nan tana zama a kujerar nan ta kalli hoton da take zaton an cire ta daga ciki, don kawai ta ga fuskar ƙanenta. Auta ta jawo kwamfutarta kusa.

"Ba wanda zai fita. Akwai wuri, awo ne kawai. Ke za ki auna min."

Ta goge kalmar dama ta sa lamba a madadinta, yadda za ta iya tura hoton kaɗan-kaɗan. Ita tana sauya lamba tana turawa, Gwaggo tana dannawa tana jiran allo. Ba a jima ba Gwaggo ta karɓe ragamar aikin, kamar yadda take yi da kowane aiki.

"Ƙara. Hancinsa ya dawo, saura kafaɗa. Ƙara kaɗan. Ke, kin zarce, kin cinye min gwiwar hannu. Koma baya. Wa ya koya miki awo ne? Rabin wancan."

Wani tela ya leƙo yana neman baƙin zif, Gwaggo ta miƙa hannu baya ta zaro ta ba shi ba tare da ta ɗauke ido daga allo ba, ta ce ya dawo anjima, ana aiki. Auta ta rage lambar da ɗan kaɗan ta tura. Allon ya yi fari, hoton ya sauko. Kafaɗar Baba tana manne da bakin hagu, gwiwar hannun Gwaggo tana manne da bakin dama, ko tsinke ba zai shiga ba. Amma mutum huɗu ne.

"Tsaya nan," in ji Gwaggo. "Kada ki ƙara taɓa shi."

Suka zuba wa allon ido. Gwaggo ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta daɗe tana gogewa, fiye da yadda gilashi yake buƙata.

"Duk mai tsohuwa irin wannan, in ya buɗe, zai gan ni?"

"Zai gan ki."

"Da wannan fuskar? Ku ma da ba ku ce in yi murmushi ba."

"Mun ce, Gwaggo. Kika ce tela yana jira."

Gwaggo ta yi tsaki. Ta mayar da tabarau cikin kwalba, ta ɗora hannu a kafaɗar Auta ta dafa ta miƙe, ta bar hannun a wurin ya ɗan jima. Sannan ta dubi durowoyi, ta jawo ɗaya, ta leƙa, ta ɓata fuska.

"Dubi abin da yayanki ya yi min da allurai. Na keke da na hannu a wuri ɗaya. Wannan in aka bar masa shagon nan wata guda, sai dai a zo a share." Ta nuna bayan ƙofa da haɓa. "Miƙo min mabuɗin can. Kuma ki gyara ɗankwalinki, kamar wadda aka koro."

Auta ta ciro mabuɗin daga ƙusa ta kawo mata da hannu biyu. Gwaggo ta ɗaure shi a bakin zani, ta ja ƙullin da haƙori, ta koma kan alluranta tana faɗa.